Tambaya da Amsa: Manhajar nazarin kasuwanci, ƙaramin kamfani ma yana buƙatarta?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya suke, wato manhajojin nan da ake ce wa BI, masu kwaso lissafin kamfani daga wurare daban-daban su jera maka shi a allo ɗaya don ka ga inda kake kafin ka yanke shawara. Na zaɓo wasu daga ciki, na ɗan rage tsawon waɗanda suka yi yawa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da ƙaramin kamfani na rarraba kayan lantarki, mu kusan 20 ne har da direbobi da masu kula da sito. Shekara da shekaru da Excel muke komai kuma Alhamdulillahi ba mu taɓa karyewa ba. Yanzu ɗana ya gama karatu ya dawo ya matsa min wai sai mun koma Power BI, wai duk kamfanin da bai da shi an bar shi a baya. Ni dai ban ga me zai ƙara min ba banda kashe kuɗi. Don Allah gaskiyar magana nake so.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiyar magana ita ce yaron bai yi ƙarya ba duka, kai ma kuma shakkarka tana kan hanya. Bari mu fara da me abun yake yi. Aiki uku ne: ya ɗebo bayanai daga inda suke zaune, wato manhajar akanta, na'urar kashiya, fayilolin Excel na sito, bayanan banki, sannan ya tsaftace su ya haɗe su wuri ɗaya, sai ya nuna su a allo mai sabunta kansa ba sai wani ya zauna yana kwafa yana liƙawa ba. Shikenan. Tunanin ma ba sabo ba ne, tun 1958 wani masani a kamfanin IBM mai suna Hans Peter Luhn ya yi rubutu a kan irin wannan tsari, sai dai shekaru da yawa manyan kamfanoni ne kawai ke iya ɗaukar nauyinsa saboda tsadar na'urori da ma'aikata. Abin da ya canja shi ne yanzu ya sauko, Microsoft ta saki Power BI ga kowa a watan Yulin 2015, kuma wanda ake sakawa a kwamfuta, Power BI Desktop, kyauta ne.

Toh amma saukowarsa ba ya nufin dole kowa ya ɗauka. Ga gwajin da nake so ka yi da kanka ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka zauna ka rubuta tambayoyi uku da suke hana ka barci a kan kamfanin, sannan ka duba ko za ka samu amsarsu cikin minti 10. Misali, wace haja ce take kawo riba ta gaskiya bayan an cire kuɗin dako da rangwame da kayan da aka dawo da su? Waɗanne kwastomomi ne bashinsu ya haura kwana 60? Waɗanne kaya ne suka yi kwana 90 a sito ba wanda ya taɓa su? In Excel ɗinka yana ba ka waɗannan amsoshin nan take, wallahi ka zauna a kansa, ba abin kunya ba ne. Akwai PivotTable a cikinsa, wato kayan aikin da ke taƙaita dogon jerin bayanai zuwa ɗan tebur mai jimloli, tun farkon shekarun 1990 kuma mutane da yawa masu neman sabuwar manhaja ko taɓa shi ba su yi ba.

In kuma amsar ita ce sai an kira akanta, shi kuma ya ce a ba shi kwana biyu, toh a nan maganar ɗanka take da ƙarfi. Alamun cewa Excel ya yi maka kaɗan a bayyane suke, duk ƙarshen wata wani yana kwana yana haɗa fayil da fayil da hannu, a kwamfuta akwai "rahoto na ƙarshe" da "na ƙarshe 2" da "na ƙarshe wanda aka gyara" kuma ba wanda zai rantse maka wanne ne daidai, ga shi mutum ɗaya ne tak ya san yadda lissafin cikin yake tafiya, ranar da ya kwanta rashin lafiya kamfani ya makance. Sannan akwai iyaka, shafi ɗaya na Excel ba ya wuce layi 1,048,576, tsohon tsarinsa kuma 65,536 ne kacal. Kar ka ce wannan ƙaramin abu ne. A watan Oktoban 2020 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da suka kamu da korona ba su shiga ƙidaya a kan lokaci ba, dalili kuwa an yi amfani da tsohon tsarin fayil ɗin, ya cika, sauran layukan suka zube ba tare da kowa ya lura ba. In hukuma guda ta faɗa wannan ramin, ina ga ni da kai.

Bari in nuna maka inda abun yake biyan kuɗinsa. A ce kana da haja biyu. Ta farko ita ce ta fi fita, kullum motoci na lodinta, a takarda ribarta kashi 8 cikin 100. Ta biyu shiru-shiru take tafiya, ribarta kashi 15. Kowa a kamfanin zai ce ta farko ce ke riƙe da ku. Amma da ka haɗa littafin ciniki da na dako da na bashi sai ka ga ta farkon rangwame ya cinye kashi 3, dako ya ci 2, waɗanda aka dawo da su sun ci 1, ragowar 2 ɗin ma masu sayenta sai sun yi wata uku kafin su biya, kenan jarinka ne ke kwana a hannun mutane. Wannan hoton ba ya fitowa daga littafi ɗaya, sai an haɗa uku ko huɗu, kuma haɗawar nan a kai a kai ita ce ainihin aikin BI.

Shawarata, kar ka ƙi yaron kuma kar ka sakar masa akalar kamfani. Ba shi tambaya ɗaya daga cikin ukun nan, ba shi wata guda, ya yi da Desktop ɗin kyauta. In ya kawo maka amsar da ta sa ka canja wani abu, ka rage odar wata haja ko ka tsayar da bashin wani kwastoma, sai ku ci gaba. In zane masu launi kawai ya kawo, ku dakata tukuna.

TAMBAYA: Malam ni na riga na saya, har na biya wani ya haɗa mana. Rassa uku gare ni. Amma tun da muka fara rigima ta ƙaru, manajan ciniki ya kawo adadinsa, akanta ta kawo nata, allon kuma ya nuna wani daban na uku. Na fara zargin ko ana cin amanata ne ko kuma manhajar ce ba ta da kyau.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki tukuna, kar ki yi saurin zargin kowa. Ba na cewa ba a cin amana a duniya, amma abin da kika kwatanta shi ne ciwon da ya fi kama kamfanoni a farkon wannan tafiya, kuma yawanci dukkan su ukun gaskiya suke faɗa, kowa da abin da yake nufi da kalmar ciniki. Manajan ciniki yana ƙirgawa ne ranar da kwastoma ya ba da oda. Akanta tana ƙirgawa ranar da aka fitar da takardar biya ko ranar da kuɗi ya shiga. Wanda ya haɗa allon kuma ƙila ya ɗauko daga ranar da kaya suka bar sito. Sai ki ƙara da wasu tambayoyin, da haraji a ciki ko babu? Kayan da aka saya a watan jiya aka dawo da su a wannan watan, a wane wata za a cire? Kayan da reshe ɗaya ya tura wa ɗayan, an ƙirga su a matsayin ciniki? Kin ga ko ba ɓarawo a gidan, adadi uku za su fito.

Manhajar ba ta ƙirƙiro wannan saɓanin ba, da ma yana nan, kawai da can kowa na riƙe da takardarsa ba a taɓa ajiye su gefe da gefe ba.

Na biyu shi ne dattin da ke cikin bayanan kansu, kuma ina so ki buɗe jerin kayanki ki gani da idonki. Za ki tarar a reshe ɗaya an rubuta "kwan fitila 12W", a ɗaya "kwan lantarki 12w", a na uku "fitila 12" har da tazara a ƙarshe wadda ido ba ya gani. Ke kin san abu ɗaya ne, kwamfuta kuwa haja uku take gani, sai ta raba cinikin gida uku, hajar da ya kamata ta zo ta ɗaya ta koma ta goma. Haka kwanan wata, wani ya rubuta 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka ta karanta shi 4 ga Maris, cinikin wata guda ya tsallaka wani watan. Haka kwastoma ɗaya mai suna iri huɗu, bashinsa ya rarrabu ba a ga girmansa.

Abin da za ki yi ba ya buƙatar sabuwar manhaja. Ki tara su ukun a ɗaki ɗaya, ku rubuta a shafi guda ma'anar kowane adadi da kuke amfani da shi, ciniki, riba, bashi, kayan sito, kowanne da inda ake ɗauko shi da sunan wanda ke da alhakinsa. Ke za ki yanke hukunci in sun kasa daidaitawa, domin kamfaninki ne. Daga nan ku zaɓi rana ɗaya tak a reshe ɗaya, ku ɗauko rasit ɗin ranar ku bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu har sai adadin allo da na akanta sun haɗu ko kun gano daidai inda suka rabu. Rana ɗayan nan za ta koya muku abin da wata shida na gardama bai koya ba. Sannan kowace haja a ba ta lamba guda wadda duk rassa za su yi amfani da ita, kuma a daina barin ma'aikaci ya rubuta sunan kaya da kansa, ya zaɓa daga jeri kawai. Ana iya gyara datti a cikin manhajar, Power Query ma, wato sashen tsaftace bayanai da ke cikin Excel da Power BI, yana riƙe matakan gyaran ya maimaita su kullum, amma gyara a bakin shigarwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

In bayan duk wannan har yanzu akwai giɓin da ba wanda ya iya bayaninsa, toh a lokacin zarginki ya samu ƙafa, kuma kina da hujja a hannu.

TAMBAYA: Yallaɓai ni matashin akanta ne, maigidana ya ce in nemo mana wadda ta fi. Na duba intanet na rikice, kowa na yabon tasa. Wacce zan ɗauka, kuma me zan fara koya?

AMSA: Ƙanena, kafin komai ka leƙa manhajar akanta da kuke da ita, irin su QuickBooks, Xero, Sage ko Odoo, duk suna da rahotanni a ciki da mutane ba sa buɗewa, ƙila rabin abin da maigidan ke so yana can. In bai isa ba, ka bi inda bayananku suke zaune. In a Excel da kayan Microsoft kuke rayuwa, Power BI ne ya fi kusa, amma ka san cewa Desktop ɗin a Windows kawai yake aiki, kuma kyautar tana ƙarewa ne a lokacin da kake son raba rahoto da wasu ta intanet, a nan za a fara biyan lasisi duk wata a kan kowane mutum, har da masu kallo kawai, don haka ka ƙirga kawuna tun yanzu. In kuma a Google Sheets kuke, akwai wadda Google ta fito da ita a 2016 da sunan Data Studio ta mayar da ita Looker Studio a 2022, a burauza take aiki kuma ta asalin kyauta ce. Tableau gwana ce wajen zane, daga binciken jami'ar Stanford ta fito a 2003, Salesforce ta saye ta a 2019 a kan dala biliyan 15.7, sai dai ga ƙaramin kamfani sau da yawa ta fi ƙarfin buƙata. Metabase da Apache Superset ba a biyan lasisi in kai za ka ɗora su a sabarka, wato kwamfutar da za ta riƙe manhajar kowa ya riƙa shiga ta can, amma fa dole a samu mai kula da sabar, kuma shi ba kyauta yake aiki ba.

Ni a ganina bambancin da ke tsakaninsu bai kai yadda masu talla ke nunawa ba, duk za su zana maka cinikin wata-wata. Wajen koyo kuma ga jerin da nake ba kowa, PivotTable har ya zauna maka, sai Power Query, sai SQL wanda shi ne harshen tambayar rumbun bayanai tun shekarun 1970 kuma ko ka canja manhaja yana nan tare da kai, sannan DAX, harshen rubuta lissafi a cikin Power BI, in shi ka ɗauka. Kuma kai da kake akanta kana da abin da masu zane da yawa ba su da shi, ka san bambancin riba da kuɗin da ke hannu. Ka riƙe wannan da kyau.

TAMBAYA: Tsorona ɗaya ne Malam, in na ɗora sirrin kasuwancina a intanet abokan hamayya ba za su gani ba?

AMSA: Tsoronka a kan hanya yake ɗan'uwa, sai dai ɓarakar ta fi zuwa daga cikin gida. A Power BI akwai wani zaɓi na wallafa rahoto a yanar gizo, duk wanda ya samu adireshin zai buɗe ba tare da kalmar sirri ba, a ce wa mai kula da asusun ya kashe shi gaba ɗaya. Tableau Public ma abin da ka wallafa a shafinsa na jama'a ne, ba wurin ajiye lissafin kamfani ba ne. Kowane ma'aikaci ya shiga da nasa asusun ba a yi karo-karo a ɗaya ba, a kunna tantancewa mai mataki biyu, ranar da mutum ya bar aiki a ranar za a rufe nasa. Akwai kuma tsarin da ke sa manajan reshe ya ga layukan reshensa kaɗai, a yi amfani da shi. Lambobin waya da adireshin kwastomomi kuma in rahoton ba ya buƙatarsu kar a ɗora su sam, amana ce, kuma ƙasashe da yawa yanzu suna da dokar kare bayanan mutane, kamar GDPR da ta fara aiki a Tarayyar Turai a watan Mayun 2018, ka duba ta ƙasarka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni manaja ne. Mun saka allo a ofis yana nuna cinikin kowane ma'aikaci, muka ɗaura alawus a kai. Ciniki ya tashi sosai amma kuɗi a asusu bai tashi ba. Kuma tsohon ma'aikacinmu da ya fi kowa daɗewa yana cewa allon ƙarya yake a kan wasu kaya, wai ana nemansu, allon kuma ya nuna ba sa fita. Wa zan yarda da shi?

AMSA: Malam manaja, tambayarka biyu ce kuma duk biyun sun fi na sauran nauyi a wurina. Ta farko, ka ce wa mutane ciniki kawai kake aunawa kuma a kansa za ka biya, su kuma suka ba ka ciniki, ta hanyar sakin rangwame da ba da kaya bashi ga duk wanda ya miƙo hannu. Ba lallai mugunta ba ce, abin da ka nema suka kawo. Wani masanin tattalin arziki na Birtaniya, Charles Goodhart, ya lura da wannan tun 1975, cewa ma'auni yana lalacewa da zarar an mayar da shi abin da ake matsa wa mutane su cimma. Misali mafi muni shi ne bankin Wells Fargo na Amurka, inda aka matsa wa ma'aikata da adadin asusun da za su buɗe har suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, a 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, kuma an sallami ma'aikata kusan 5,300 a kan lamarin. Maganin a wurinka shi ne kar adadi ya tsaya shi kaɗai. Kusa da ciniki ka saka ribar da ta rage bayan rangwame, kusa da ita ka saka kuɗin da aka karɓo a zahiri, alawus kuma ya bi abin da ya shigo asusu.

Ta biyu kuwa, ina roƙonka ka saurari dattijon nan da kyau, domin akwai yiwuwar shi ke da gaskiya kuma allon ma bai yi ƙarya ba. Allo yana ganin abin da aka rubuta ne kawai. Kwastoman da ya shigo ya tambayi kaya aka ce sun ƙare ya juya ya tafi, ba rasit, ba layi, ba alamarsa a ko'ina. Sai allon ya nuna hajar ba ta fita, kai kuma ka rage odarta, ta ƙara yankewa, allon ya ƙara nuna ba ta fita, haka za a yi ta zagaye har ka kashe haja mai kasuwa da hannunka. Shi da yake tsaye a gaban kwastoma shi ya ga waɗanda suka juya. Kuma wannan ya shafi har hasashen da manhajojin ke yi na watanni masu zuwa, daga tarihin da ka ba su suke lissafi, in tarihin da rami hasashen ma da rami.

Ka gwada maganarsa da bayanan da kake da su. Ɗauko kayan da ya ambata, ka ɗora cinikinsu na kullum a kan adadin da ke sito na kullum, ka ga ko ranakun da ciniki ya faɗi su ne ranakun da sito ya koma sifili. In haka ne, ka sake lissafin cinikin da ranakun da kayan suke nan kawai. Sannan daga gobe ka buɗe wani ɗan wuri a na'urar kashiya ko ma littafi a kan kanta mai suna "an nema babu", duk wanda ya tambayi abu bai samu ba a rubuta hajar da adadin da ranar, a riƙa shigar da shi allon duk mako. Ka ba dattijon alhakin wannan littafin, kuma ranar zaman mako in an zo maganar oda shi za a fara tambaya kafin a buɗe allon.

Masu tambaya a kan haɗa manhajar da bayanan banki kai tsaye, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.